Allura Tana Karatu a Juye

Gwaggo ba ta ko gama sallama ba ta dire farantin a kan teburin keken ɗinki, daidai bisa littafin da ke buɗe. Sabon farantin talla ne fil, ɗan ƙarami, irin wanda ake yi daidai da kan yaro, ko takardar kanti ba a ɓare daga gindinsa ba. Matar gidan, wadda ake kira Tela, ta ɗauke ƙafarta daga kan fedar keken, ta zaro littafin daga ƙarƙashin farantin, ta kakkaɓe shi kamar an zuba masa ƙasa, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Gwaggo yayar mijinta ce, kuma ita ta raine shi, abin da ba ta taɓa barin kowa ya manta ba. Tana da rumfa a bakin tasha, tana da yara uku na dangi da ke zagaya motoci da ruwan leda da biskit tun safe har rana ta yi sanyi. Yanzu ta huɗu take nema. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba tare da an ce ta zauna ba, ta fara lissafo dalilanta: yarinya ta cika shekara biyar, bakinta ya buɗe, ƙafarta ta yi ƙwari, kuma masu mota sun fi tausayin ƙanana. Me ake jira?

Yarinyar da ake magana a kanta tana tsaye a ɗaya gefen keken, ta ɗora haɓarta a kan tebur, tana kallon fuskarta a cikin sabon farantin. 'Yar Tela ce, Allura ake ce mata, don siririya ce kuma babu inda ba ta kutsawa.

Tela ta ce ranar Litinin za a yi gwaji a babbar makarantar ƙarshen layi, kuma ta riga ta rubuta sunan yarinyar. Gwaggo ta yi dariya har da tafa cinya.

Ba a banza ta yi dariyar ba. Inda makarantar take, a da fili ne da yaran layin ke buga ƙwallo. Da masu kuɗi suka zo za su zagaye shi da katanga, mutane suka tayar da jijiyar wuya, sai aka kwantar da su da alkawari: kowace shekara za a ɗauki yara shida daga layin a ajin ƙanana, kyauta, har su gama. An ma rubuta a allo, an kafe a bakin ƙofa. Shekara huɗu ke nan, kowace shekara iyaye na wanke 'ya'yansu su kai, kowace shekara a ce yaran ba su da tushe. Ka zagaya layin gida-gida, ba za ka sami wanda zai nuna maka ɗansa a cikin wannan rigar makaranta ba. Makarantar gwamnati kuwa tana can ƙetaren babban titi, ba ta karɓar yaro sai ya kai shekara bakwai, kuma kafin nan faranti ya riga ya gama da shi.

Da Baban Allura ya dawo daga gareji cin abincin rana, hannunsa duk baƙin mai, ya tarar da maganar na jiransa. Mutumin kirki ne, amma a gaban yayarsa ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, sai ya raba gardamar yadda yake ganin ba zai ɓata wa kowa ba: in yarinya ta ci gwaji, ta tafi makaranta, in ta faɗi, ta bi Gwaggo.

"Na yarda," in ji Tela, tun kafin ya rufe baki.

Gwaggo ta ce to a ajiye farantin a nan, ba sai ta sha wahalar dawo da shi ba.

* * *

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, Allura ta iya karatu. Ba waƙar haruffa ba, wadda yara ke rerawa ido a rufe. Karatu na gaske, a ga kalmar da ba a taɓa gani ba a tsinke ta gaɓa-gaɓa har ta fito.

Ita kanta Tela ba ta daɗe da iyawa ba. A aji biyu aka cire ta aka ɗora mata nata farantin, ta ɗauke shi shekara tara, har yau akwai wani wuri a tsakiyar kanta da gashi ya ƙi fitowa, kullum yana ɓoye a ƙarƙashin ɗankwali. Ta girma, ta koyi ɗinki, ta yi aure, rashin karatu bai dame ta ba sai ranar da wata mata ta kawo mata rigunan ƙungiya guda ashirin a manna musu baji. Tela ta manna su tsaf, ɗinki kamar na kamfani, amma duk ashirin ɗin rubutun kansa a ƙasa. Matar ba ta yi faɗa ba. Dariya ta yi, ta kira maƙwabta su zo su gani. Da faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

A makon ta sayi tsohon littafin koyon karatu wajen mai baza littattafai a bakin titi. Akwai wata tsohuwar malama da ke kawo mata gyaran kaya, ita ta riƙa nuna mata yadda baƙi ke kama wasali, Tela kuma ta daina karɓar ladan gyara. Daga nan littafin ya sami mazauni a kan teburin keke, yana fuskantarta. Ƙafa na taka feda, hannu ɗaya na tura yadi, ido na satar kallon shafi, baki na maimaitawa. In kalma ta yi mata gardama sai ta tsayar da keken, ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta rubuta ta a kan teburin da manyan baƙaƙe.

Allura kuwa wurinta ɗaya ne: tsallaken keken, inda yadi ke fitowa. Aikinta ta riƙa jawo shi kada ya taɓa ƙasa. A nan take wuni, haɓa a kan tebur, ido a kan yatsan uwarta. Ba a taɓa ba ta littafin a hannu ba. Guda ɗaya ne, ganyensa duk sun saki, sau biyu Tela na ɗinke bayansa da zaren jaka, wa zai ba ƙaramar yarinya mai hannun maiƙo?

Wata rana Tela ta maƙale a kan wata doguwar kalma, ta ja ta sau uku ta ƙi zuwa. Sai ta ji wata 'yar murya daga tsallaken keken ta ce, "Al-ma-ka-shi." Ta ɗago kai. Ta nuna wata kalmar, yarinyar ta faɗa. Ta buɗe shafin da ba su taɓa kaiwa ba, yarinyar ta yi ta fama har ta fitar da layi guda. Ranar Tela ta yi kuka, ta kuma ƙone wuyan rigar mutane da dutsen guga.

Tun daga nan kowace safiya kafin masu kawo ɗinki su fara zuwa, sai sun yi shafi biyu. Da littafin ya ƙare suka koma kan duk abin da ke da rubutu: kwalin sabulu, takardar magani, tsohuwar jaridar da aka naɗo yadi a ciki. Tela ta shimfiɗa a gabanta ta ɗora yatsa, Allura ta karanta daga inda take tsaye. Wata takwas suna haka, kuma ko sau ɗaya bai faɗo wa Tela a rai ta zagaya ta ga abin da 'yarta ke gani ba.

* * *

Ranar Litinin mata sun fi talatin a barandar makarantar, kowace da ɗanta ya sha wanka da mai. Tela ta ɗinka wa Allura riga da ragowar yadin wata amarya, ta sa mata aljihu biyu don ta daina cusa hannu a baki. Sun fi awa biyu a kan benci kafin a kira su.

Ofishin sanyi ƙalau, har Allura ta takure. Shugabar makarantar na zaune bayan wani faffaɗan tebur, tabarau a kan hanci, waya a hannu. An bar ƙofa a buɗe, wai don kowa ya shaida ba a yin rufa-rufa. Ba ta fara da yarinyar ba, da uwar ta fara: aji nawa ta kai, me mijinta ke yi, akwai wanda ya gama sakandare a gidan? Kowace amsa sai ta ce "uhm" ba tare da ta rubuta komai ba. Sannan ta miƙa wa Allura wani littafi mai hotuna, ta ce ta karanta layin farko in za ta iya.

Allura ta karɓa da hannu biyu, don ba ta taɓa riƙe sabon littafi ba. Ta dube shi. Ta yamutsa fuska. Ta dubi uwarta. Sai kawai ta juya shi, kansa ya koma ƙasa, fuskarta ta washe, ta buɗe baki za ta fara.

Shugabar ta fashe da dariya. Ta fizge littafin ta ɗaga shi yadda na baranda za su gani, ta ce ga irin abin da take faɗa kullum, yarinya ko riƙe littafi ba ta iya ba, amma gobe a ce makaranta ce ba ta son talaka. Ta mayar mata da shi a miƙe ta ce to bismilla. Allura ta ƙura wa shafin ido, ko kalma ɗaya ta kasa haɗawa.

Sai a lokacin Tela ta gane. Nan take ta ga teburin kekenta, ta ga littafin yana fuskantarta, ta ga haɓar yarinyar a tsallake. Wata takwas tana koya wa 'yarta karatu a juye. Bajin nan ashirin ne suka dawo mata, sai dai wannan karon a kan 'yar cikinta ta manna. Kunya ta rufe ta.

Shugabar ta ce a turo na gaba.

Tela ba ta tashi ba. Ita kanta ba ta san daga ina taurin ya zo mata ba, ta dai tuna da farantin da ke jingine a bayan ƙofarta.

"Ranki ya daɗe, laifina ne, ba nata ba. Ki bar ta ta riƙe shi yadda ta saba. In ba ta karanta ba, mu tafi."

Shugabar ta ce ta san irin wannan, a yi wa yaro hadda a gida a zo a ɓata wa mutane lokaci. Tela ta ce to a ba ta kowace takarda ce, wadda ba ta taɓa gani ba. Shugabar ta ce nan ba kasuwa ba ce da za a tsaya ciniki. Suna cikin haka babu wadda ta lura Allura ta matsa jikin teburin, ta ɗora haɓarta a bakinsa yadda take yi a gida. A gaban Shugabar akwai wata 'yar takarda da aka maƙala a saman fayil, an rubuta ta da hannu, baƙaƙe manya ɓaro-ɓaro. Takardar Shugabar take fuskanta. Wato a wajen Allura, ranar nan kaf, ita ce abu na farko da aka ajiye daidai.

"A... yi... gwa-jin," in ji 'yar muryar, "don... i-don... mu-ta-ne."

Shugabar ta waiwayo. Matan baranda suka kasa kunne.

"Gu-ra-be shi-da... an ri-ga... an ba-yar. Ka-da a..." Ta ɗago kai. "Mama, mene ne gurabe?"

Shugabar ta kifa tafin hannunta a kan takardar da ƙarfi har tabaraunta ya zame.

"Ki ɗaga hannunki, ranki ya daɗe," in ji Tela. "Ba ta gama ba."

Sai ga shi ƙofar da aka bari a buɗe don gaskiya an tashi da sauri an rufe ta. Shugabar ta dawo ta zauna, muryarta ta koma laushi kamar ba ita ba. Ta ce yarinyar nan akwai kai, ita ma uwa ce, ba za ta so a yi asarar irin wannan ba. Gurabe shida dai ba a hannunta suke ba, daga sama aka aiko. Amma aji ba ya ƙin kujera ta bakwai. Riga, littattafai, komai kyauta. Abu ɗaya kawai: in sun fita, Tela ta gaya wa matan baranda cewa surutun yara ne, yarinyar ba ta iya karatu ba tukuna, abin da ta ji a rediyo take maimaitawa.

Wallahi Tela ta so ta karɓa. Kada wanda ya ce ba ta so ba. Ta hango Allura cikin rigar nan mai kwala, ta hango Gwaggo na ɗaukar farantinta baki a tunzure. Kalma nawa ce? Ba ta fi goma ba. Ta juya ta dubi yarinyar, yarinyar na kallonta, tana jira a ce mata ta yi daidai ko ba ta yi ba, yadda take jira kowace safiya in ta kai ƙarshen layi.

Ta miƙe, ta kama hannunta, ta buɗe ƙofar da kanta. Mata talatin suka zubo mata ido.

"'Yata ta iya karatu," ta ce. "Abin da kuka ji, shi ne a rubuce. Ku kwashi 'ya'yanku ku tafi gida, rana na dukansu a banza."

Mai gadi ne ya raka su har bakin titi, yana ta ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa, yana cewa shi ma umarni aka ba shi.

* * *

Labari ya riga su isa gida. Gwaggo na zaune a kan buhun ƙyallaye, farantin a cinyarta, har ta naɗa ɗan gammo da wani ƙyalle da ta tsinta a ƙasa. An kira Baban Allura daga gareji, yana tsaye a bakin ƙofa yana goge hannun da ya riga ya goge.

Gwaggo ta ce ta ji an ba wa wata kujera ta sa ƙafa ta shure, to wannan ruwanta. Ita dai alkawari ta sani. An ɗauki yarinya? Ba a ɗauka ba. Gobe da sassafe za ta aiko a tafi da ita.

Tela ta ce alkawarin in ta faɗi ne, kuma wanda ba a gwada ba bai faɗi ba. Gwaggo ta ce wannan wayon 'yan boko ne, ashe littafin kwabo biyu har ya fara hawa kan mutane. Ta juya wajen ƙanenta ta ce ya yi magana mana, ko shi ma an juya shi ne?

Ya ci gaba da goge hannunsa. Tela ta san ba zai tanka ba. Sai ta sa hannu ta zare ɗankwalinta, abin da ba ta taɓa yi a gaban dangin miji ba, ta sunkuyar da kai ta buɗa gashin da yatsunta. Wurin na nan, fari sol, faɗinsa kamar bakin kofin shayi.

"Shekara tara, Yaya. Kai ɗaya ya isa a gidan nan. In kina son na biyu, sai dai ki zo da wanda zai ɗaure ni tukuna."

Baban Allura ya dubi kan matarsa. Shekara bakwai suna tare, ya san wurin, bai taɓa tambaya ba. Ya dubi 'yarsa da ke laɓe bayan keke. Da ya buɗe baki muryarsa ba ta fi ta mai neman aron gishiri ba, amma ta fito: "Yaya, ki yi haƙuri. A bar ta."

Gwaggo ta miƙe tsam. Ta ce ita ta raine shi da irin wannan farantin da ake rainawa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta ce ba za ta ɗauki farantin ba, a bar shi a nan, ranar da yunwa ta gama koya musu karatu su da kansu za su ɗora wa yarinyar. Ta jefar da shi a tsakar ɗaki, ya yi ta juyi yana ƙara, bai tsaya ba sai da ta kai bakin layi.

* * *

Washegari ƙarfe bakwai da rabi motoci suka fara shigowa layin, gilashi a rufe, suna kauce wa ramuka. Allon nan na bakin ƙofar makaranta yana nan inda yake, ba wanda ya taɓa shi. Masu kawo ɗinki biyu da 'ya'yansu ke cikin makarantar suka aiko a ba su yadinsu haka nan, ko ba a ɗinka ba.

Tela na ninke yadin sai ga mata biyu daga cikin na baranda, ɗaya da namiji, ɗaya da tagwaye. Ba su yi dogon bayani ba. Suka ce sun ji a nan ake koya, ko da shafi ɗaya ne a rana.

Ta jera yaran uku a tsallaken keken, ta sa Allura a tsakiyarsu. Ta buɗe tsohon littafin, ta dube shi, sannan ta juya shi ya fuskance su. Nan da nan baƙaƙen suka zame mata baƙi, duk sun yi tsaye da ka. Allura ma ta yamutsa fuska, ta miƙa hannu za ta mayar da shi yadda ta saba, uwar ta riƙe hannun.

"A'a. Daga yau haka za ki gan shi. Ni zan sha wahalar."

Teburin ya yi kaɗan ga yara huɗu, kuma babu allo a gidan. Tela ta waiwaya, idonta ya faɗa kan farantin a bayan ƙofa. Ta ɗauko shi, ta ɓare takardar kantin, ta kifa shi a kan gwiwarta, ta ɗauki allin yadi.

Can ƙarshen layi aka buga ƙararrawa, muryoyin yara suka tashi a bayan katanga suna rera haruffa. Tela ta fara zana baƙin farko a bayan farantin, kansa wajenta, ƙafarsa wajen yaran. Ya fito a karkace. Ta goge da gefen zaninta, ta sake.